Lissafin da Ruwa Ke Yi Kafin Ya Ɗauki Kaya

Akwai wata tambaya da yara kan yi, manya kuma su share ta ba tare da sun ba da amsa ba. Me ya sa ƙusa, duk ƙanƙantarta, da an jefa ta ruwa sai ta yi ƙasa, alhali jirgin da ke shigowa tashar Apapa a Legas, wanda da ƙarfe aka ƙera shi ciki da bai, yakan ratso teku da dubban tan na kaya bai nutse ba? Amsar da aka fi ji ita ce abu mai nauyi shi ke nutsewa, marar nauyi kuma ya taso. Wannan amsa ba ta tsaya da ƙafarta ba, domin gungumen rimi da sai ƙarti huɗu sun taru kafin su ɗaga shi yana tasowa kan ruwa, ƙwayar tsakuwa kuwa tana nutsewa. Abin da nake son kafawa a sharhin nan shi ne, ruwa yana ɗaukar kaya ne bisa ƙa'ida guda wadda ake iya lissafawa, saboda haka kowane jirgi, daga na teku har kwale-kwalen fito, yana da iyakar da za a iya saninta tun yana ɗaure a bakin gaɓa. Kuma ina ganin rashin ɗaukar wannan magana da gaske yana cikin abubuwan da ke ci mana rayuka a kogunanmu.

Mu fara da abin da hannu ke iya ji. Duk wanda ya taɓa jan ruwa a rijiya ya san guga ba ta da wani nauyi muddin tana cikin ruwa, sai ta fito fili sannan igiya ta fara cin hannu. Haka nan idan aka ɗauki jarka mai cin lita 25, babu komai a cikinta, aka toshe bakinta, aka yi ƙoƙarin danna ta ƙarƙashin ruwa, za a ji ruwan yana maido ta sama da ƙarfin gaske. Wannan ƙarfi yana da adadi. Lita ɗaya ta ruwa kilo ɗaya ce, don haka jarkar da ta ture lita 25 daga mazauninsu, ruwa zai tunkuɗo ta da ƙarfin da ya yi daidai da kilo 25, ba ƙari ba ragi. Dalili kuwa shi ne matsin ruwa yana ƙaruwa ne da zurfi. Mai ninkaya ya san haka daga kunnensa, idan ya yi nutso ƙasa sosai yakan ji kamar ana danna masa dodon kunne. A kowace mita 10 ta zurfi, matsin yakan ƙaru da kwatankwacin matsin dukan iskar da ke bisa kanmu. To, duk abin da ke cikin ruwa, gindinsa ya fi samansa zurfi, saboda haka turin da yake samu daga ƙasa ya fi wanda yake samu daga sama. Bambancin da ke tsakanin biyun shi ne abin da ke tallafe shi.

Wanda aka fi jingina wa gano wannan ƙa'ida shi ne Arkimidis, masanin lissafi ɗan birnin Sirakusa da ke tsibirin Sisili, a Italiya ta yau, wanda ya rasu a shekara ta 212 kafin haihuwar Annabi Isa, alaihis salam. Labarin da ya shahara a kansa, na kambin zinariyar Sarki Hiyero da ake zargin maƙeri ya cakuɗa da azurfa, wani marubucin Rum mai suna Biturubiyos ne ya kawo shi bayan kusan shekara 200, kuma masana tarihi suna ɗaukarsa da taka-tsantsan. Abin da ba a jayayya a kansa shi ne rubutun da Arkimidis ya bari game da abubuwa masu zama a kan ruwa, inda ya nuna cewa ruwa yana rage wa abu nauyi daidai da nauyin ruwan da abin ya ture. Malaman duniyar Musulunci sun ɗora a kai da awo na ƙwarai. Al-Biruni, wanda aka haifa a 973, ya ƙera wani mazubi da yake tara ruwan da ƙarfe ko dutse mai daraja ya ture, ya auna shi, ya fitar da alƙaluman da ba su yi nisa da na yau ba. Al-Khazini kuma, a birnin Marwa, wajen shekarar 1121, ya rubuta Mizanul Hikma a kan ma'aunin da ke tona algus a zinariya ta hanyar auna ta a iska sannan a auna ta a ruwa. Ilmi ne tsoho, kuma tun da daɗewa ake amfani da shi wajen kama mai ha'inci.

Idan aka fahimci wannan, sai a ga tambayar da ta dace a yi wa kowane abu ita ce: shin ya fi ruwan da ya kai girmansa nauyi, ko bai kai ba? Lita ɗaya ta baƙin ƙarfe tana da kusan kilo 7.9, ta zinariya kilo 19.3, ta man gyaɗa wajen gram 910, ta fetur kuma wajen gram 750. Shi ya sa mai ke kwanciya a saman miya, shi ya sa kuma ba a kashe gobarar fetur da ruwa, domin fetur ɗin zai hau bisa ruwan ya bi shi yana ci. Ƙanƙara lita ɗaya gram 917 ce, don haka take tasowa a cikin kofi, kusan kashi tara cikin goma nata a nutse, kashi ɗaya a waje. Matan da ke rege shinkafa da wannan ƙa'ida suke aiki kullum, ƙaiƙayi ya taso, tsakuwa ta kwanta a gindin ƙwarya. Mai sayen ƙwan zabi da ke zuba shi a kwanon ruwa kafin ya biya shi ma haka, sabon ƙwai yakan kwanta ƙasa, wanda ya kwana biyu kuwa ruwan cikinsa ya riga ya tsane ta ƙananan ramukan ɓawo, iska ta maye gurbinsa, sai ya miƙe tsaye ko ya taso gaba ɗaya. Girman ƙwan bai sake ba, nauyinsa ne ya ragu.

To, yaya ƙarfe ya zama jirgi? Ɗauki tan ɗaya na ƙarfe a dunƙule. Girmansa bai wuce lita 127 ba, don haka ruwan da zai ture kilo 127 ne kawai, alhali shi kilo 1,000 ne. Dole ya nutse. Amma a buga wannan ƙarfen ya zama falle, a lanƙwasa shi ya yi ciki mai faɗi da zurfi, wanda zai iya ture lita 5,000 kafin ruwa ya kai bakinsa. Yanzu da ya ture lita 1,000 sai ya tsaya, ruwa ya tallafe shi, har ya rage masa sararin ɗaukar kaya. Ƙarfen bai rage ko gram ɗaya ba, iskar da ya rungume a cikinsa ce ta shiga lissafi. Masuntan Argungu da ke faɗawa kogin Matan Fada lokacin bikin kamun kifi, kowa da homarsa da ƙaton gora, wannan dabarar ce a hannunsu. Masunci yakan kife cikinsa a kan goran ya yi ta yawo a ruwa, hannuwansa a sake don aikin homa, kifin da ya kama kuma ya jefa a cikin goran. Yayin da kifi ke taruwa, goran na ƙara zama cikin ruwa, kuma kowane masunci ya san akwai inda idan aka kai ba a ƙarawa.

Wani zai ce, ai an ga allura ta kwanta a kan ruwa idan aka aje ta a hankali, an kuma ga ƙwari suna tafiya bisa tafki, ina ƙa'idar taka? Wannan wani abu ne daban. Ƙwayoyin ruwa na saman fuska suna riƙe da juna har su yi kamar siririyar fata, wadda ke iya ɗaukar abu ɗan mitsitsi. A ɗiga sabulu kaɗan, riƙon ya sassauta, allurar ta wuce ƙasa. Ba ƙarfi ba ne da zai tallafi ko da cokali, balle jirgi. Wani kuma zai ce ai ruwa ma ba iri ɗaya ba ne, kuma gaskiyarsa. Ruwan teku, saboda gishiri, lita ɗaya tana kai kilo 1.025, na Mataccen Teku da ke iyakar Jodan kuwa ya kai wajen kilo 1.24, har mutum ya kwanta a kansa bai nutse ba ko da bai iya iyo ba. Wannan bai rushe ƙa'idar ba, ƙara tabbatar da ita ya yi: ruwa mai nauyi ya fi ɗaukar kaya. Ma'anarsa gare mu ita ce ruwan Neja da Binuwai da tafkin Kainji da Tafkin Chadi, da yake ruwan daɗi ne, shi ne mafi ƙarancin tallafi.

A nan ne maganar ta zo kusa da gida. A watan Mayun 2021 wani jirgi ɗauke da mutum sama da 150 ya nutse a kogin Neja kusa da Wara, a ƙaramar hukumar Ngaski ta jihar Kebbi, kaɗan ne suka tsira. A ƙarshen Nuwamban wannan shekara, a madatsar ruwa ta Watari da ke Bagwai a jihar Kano, aƙalla mutum 29 suka rasu, akasarinsu yara 'yan Islamiyya da ke kan hanyar zuwa Maulidi. A Yunin 2023, a Patigi ta jihar Kwara, fiye da mutum 100 da suka fito daga biki ruwa ya ci. Allah Ya jiƙansu, Ya ba iyalansu haƙuri. A kusan duk irin waɗannan rahotanni, lodin da ya wuce kima yana cikin abin da ake ambata. Ba a Najeriya kaɗai ba. Jirgin Joola na ƙasar Senegal, wanda ya kife a gaɓar Gambiya ranar 26 ga Satumban 2002, an ƙera shi ne don mutanen da ba su kai 600 ba, amma waɗanda hukuma ta tabbatar sun mutu a cikinsa 1,863 ne, adadin da ya zarce na Titanic.

Bari mu yi lissafin a fili, domin ba mai wuya ba ne. A ƙaddara kwale-kwale ne mai tsawon mita 10, wanda faɗin shimfiɗarsa a daidai fuskar ruwa ya kai murabba'in mita 12. Duk santimita ɗaya da ya ƙara zama cikin ruwa, ya ture lita 120, wato kilo 120, nauyin manya biyu ke nan masu kilo 60. Idan tazarar da ke tsakanin bakin jirgin da fuskar ruwa santimita 30 ce, aka ƙara mutum 20, an ci santimita 10. Aka ɗora buhun masara goma masu kilo 100 da babura biyu, an sake cin wasu 10. Abin da ya rage bai wuce faɗin tafin hannu ba. Jirgin yana nan a kan ruwa, injin yana tashi, kowa ya zauna, kuma a ido babu abin da ya faru. Amma igiyar ruwan da ba ta kai taƙi ɗaya ba ta isa ta leƙa ciki. Daga nan lamarin ke ciyar da kansa: ruwan da ya shiga nauyi ne, nauyin ya ƙara dannar da jirgin, bakinsa ya ƙara kusantar ruwa, igiya ta gaba ta shiga fiye da ta farko. Shi ya sa waɗanda suka tsira kan ce abin ya faru ne kamar ƙiftawar ido.

Akwai kuma batun kifewa, wanda yake daban da nutsewa amma tushensu ɗaya. Jirgi yana iya kasancewa bai kai iyakar nauyinsa ba, ya kife saboda inda aka aje nauyin. Idan kaya masu nauyi suna ƙasa, jirgin da ya karkata yakan dawo daidai da kansa. Idan aka jibga su sama, ko fasinjoji suka miƙe tsaye, ko suka ruga gefe guda don tsoro, ƙarfin dawowar ya ragu har ya ƙare. Ruwan da ya taru a cikin jirgi ma yakan kwarara zuwa gefen da ya yi ƙasa, ya ƙara rinjayar da shi. Ƙasar Suwidin ta ga haka a 1628, lokacin da jirgin yaƙinta mai suna Vasa, wanda aka cika wa sama da manyan bindigogi, ya kife a tashar Stockholm a fitarsa ta farko, bai yi tafiyar kilomita biyu ba. An ciro shi a 1961, yana nan a gidan tarihi har yau.

Na san abin da mai fito zai ce, kuma maganarsa tana da nauyi. Zai ce shekara da shekaru yana wannan lodi bai taɓa kifewa ba, ya gaji sana'ar iyaye da kakanni, ya san ruwan nan fiye da duk wani mai biro. Ba na musun saninsa, Sarkawa da masu fito sun san hanyar ruwa da inda kututture yake da lokacin da iska ke juyawa, sanin da babu shi a littafi. Amma tsallakewa sau ɗari da tazarar tafin hannu shaida ce kawai cewa sau ɗari ruwa yana kwance. Bugu da ƙari, jirgin da kakansa ya tuƙa da filafili ba ya ɗaukar babura da buhunan taki da injin mai gudu. Sana'ar ta sake, kayan sun ƙaru, ƙa'idar ruwa tana nan inda take. Zai kuma ce ba lodi ne ke kifar da jirgi ba, karo da kututture ne, ko tafiyar dare, ko ciyawar ruwa da ke naɗe farfela, ko tsufan katako. Duk gaskiya ne. Sai dai jirgin da ke da tazara idan ya yi karo yakan girgiza ya tsaya, ko ya ba da 'yan mintunan kwarfe ruwa da kaiwa gaɓa. Wanda aka cinye tazararsa ba shi da waɗannan mintuna. Kututturen shi ne sanadi na kusa, lodin kuma shi ya mai da haɗari ya zama makoki.

Sai maganar da ta fi kowacce shiga zuciya, cewa ajali ne, wanda kwanansa ya ƙare ko a kan gado zai tafi. Babu mumini da zai yi jayayya da ƙaddara. Amma malamanmu sun karantar da mu cewa tawakkali ba ya kore riƙo da sababi, kuma wanda aka damƙa wa rayukan mutane amana ce a wuyansa. Yadda ruwa ke ɗaukar kaya da awo shi ma tsari ne na Ubangiji, kuma wanda ya san awon ya tsallake shi da gangan don kuɗin mutum goma, bai kamata ya fake da ƙaddara ba. Haka kuma karin maganar nan ta iya ruwa fid da kai tana da iyaka a nan, domin waɗanda suka fi mutuwa a haɗarin fito mata ne da yara, masu goyo da masu zannuwan da ke naɗe ƙafa. Jikin mutum nauyinsa dab yake da na ruwa, iskar huhu ce ke rinjayar da shi sama, da ya firgita ya fitar da ita ya shaƙi ruwa sai ya yi ƙasa. Saboda wannan kusanci ne rigar ruwa ke aiki: tallafin kilo 10 zuwa 15 ya isa ya riƙe kan babban mutum a waje, ko da ya suma idan rigar mai kyau ce.

Ƙorafin talauci shi ne wanda ba ni da amsa mai sauƙi a kansa. Inda jirgi ɗaya ne ke zuwa kasuwa a rana, babu gada, hanyar mota kuma ta lalace ko 'yan bindiga sun tare ta, wanda aka hana shiga ya rasa cinikin mako ne. Mai jirgi kuma yana lissafin man fetur. Wannan yana nuna aikin gwamnati ne ta ƙara jirage da gadoji, kuma dokar da ba ta zo da wannan ba za ta sha wuya. Amma Ingila ma ta taɓa zama a irin wannan hali. A ƙarni na 19 masu jirage suna cika tsofaffin jirage fiye da kima, su yi musu inshora, idan sun nutse da matuƙa su karɓi kuɗi. Wani ɗan majalisa mai suna Samuel Plimsoll ya yi ta fafutuka har aka yi dokar 1876, wadda ta wajabta zana alama a jikin jirgi, inda idan ruwa ya kai ba a ƙara kaya. Da farko mai jirgi ne ke zaɓar inda zai zana, wasu suka yi wasa da abin, sai a 1890 aka mai da ikon hannun hukuma. Yau kowane babban jirgin kasuwanci yana ɗauke da wannan alama ƙarƙashin yarjejeniyar ƙasa da ƙasa ta 1966, da layuka daban na ruwan daɗi da na gishiri, na lokacin zafi da na hunturu.

Hukumar kula da hanyoyin ruwa ta cikin gida, NIWA, mai hedikwata a Lokoja, ta sha nanata haramcin tafiyar dare da wajabcin sanya rigar ruwa, kuma duka biyun daidai ne. Abin da nake ganin ya kamata a ƙara shi ne irin wannan layin a jikin jiragen fito, domin ya fi ƙidayar kawuna amfani. Ƙidaya ba ta san buhu ba, ba ta san saniya ko babur ba, layi kuwa yana auna komai a haɗe, kuma tsohuwar da ba ta yi boko ba tana iya ganinsa daga gaɓa kafin ta sa ƙafa. Zana shi ba ya buƙatar komai sai ma'aikacin da ya san aikin, da Sarkin Ruwa da shugabannin ƙungiyar masu fito a matsayin shaidu, a loda jirgi da buhunan yashi da aka auna, a ga inda ya zauna, a bar tazarar da ta dace da irin igiyar wannan mashigi, a shafa fenti mai haske a gefe biyu. A manyan ruwaye irin su Kainji, inda iskar damina ke tayar da igiya mai tsayi, sai a yi layi biyu, na damina a ƙasa da na rani, kuma a sake awon duk lokacin da aka yi wa jirgi gyara ko aka sauya masa inji.